Kansilan Shankill: shekara 40 a kujera ɗaya, jam'iyyarsa kuma ta ƙare a tsaye

Duk wanda ya daɗe a siyasar ɓangare ya san wata magana da magoya baya suke faɗa wa junansu idan zaɓe ya juya musu baya: ai mu muka sha wahalar, wasu suka zo suka kwashe romon. Maganar tana da daɗin ji, kuma sau da yawa akwai gaskiya a cikinta. Abin da nake ja da shi shi ne yadda ake tsayawa a nan, a naɗe tabarma, kamar an gama bayani. Yau ina so mu fita waje mu duba wani misali da ya faru nesa da mu, inda babu wanda zai ce ina yi da ubangidansa ne, don mu iya kallon abin da idon basira.

Mutumin sunansa Hugh Smyth, kansila ne a birnin Belfast na Ailan ta Arewa. Ya shiga majalisar birnin tun farkon shekarun 1970, bai bar ta ba sai farkon 2014 da ciwo ya ci ƙarfinsa, ya rasu a watan Mayu na wannan shekarar. Sama da shekara 40 ke nan yana wakiltar unguwa ɗaya, Shankill, unguwar da aka haife shi. Bai taɓa zama minista ba, bai taɓa zuwa majalisar Landan ba. Jam'iyyar da ya jagoranta shekara 23 kuwa, yau ko kujera ɗaya ba ta da ita a majalisar Belfast.

Bari in ɗan share fage, don wanda bai san ƙasar ba. A 1921 aka raba tsibirin Ailan gida biyu. Kudu ta kama hanyar cin gashin kanta, gundumomi shida na arewa suka ci gaba da zama ƙarƙashin Birtaniya. Tun daga ranar siyasar yankin ta tsaya kan tambaya ɗaya: a zauna da Birtaniya, ko a haɗe da sauran Ailan? Masu cewa a zauna yawancinsu 'yan Furotesta ne, su ne ake kira yuniyanis (kada wani ya ɗauka 'yan ƙungiyar ƙwadago ake nufi, kalmar ce ta yi kama). Ni a nan zan riƙa kiransu 'yan a-zauna. Masu cewa a haɗe yawancinsu 'yan Katolika ne. Smyth ɗan a-zauna ne na gidi, bai taɓa sassautawa kan wannan ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Jam'iyya ɗaya ce, UUP, ta mulki yankin daga 1921 zuwa 1972 ba tare da ta taɓa faɗuwa ba. Shekara 50 cur. Su wa ke jan ragamarta? Masu gonakin gado da masu masana'antu. Lord Brookeborough shi kaɗai ya yi shekara 20 yana firaminista, daga 1943 zuwa 1963. Su wa ke jefa mata ƙuri'a? Leburorin tashar ƙera jiragen ruwa ta Harland and Wolff, inda aka ƙera Titanic, da ma'aikatan masaƙu, da mutanen unguwanni irin su Shankill, waɗanda ke zaune a 'yan ƙananan gidaje masu laima, banɗaki a bayan gida cikin sanyin nan nasu. Duk zaɓe sai a kaɗa musu tuta, a ce musu in ba ku zaɓe mu ba Dublin za ta haɗiye ku. Su kuma su yi layi. Da an rufe akwati an manta da su.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, tsarin zaɓen ƙananan hukumomi na wancan lokacin ya danne talakan Furotesta shi ma. Ƙuri'ar kansila ta mai gida ce da matarsa. Ɗa baligi da ke zaune a gidan ubansa ba shi da ita, wanda ya kama ɗaki a gidan wani ba shi da ita, kamfani kuwa yana da ƙarin ƙuri'u. Gaskiya ne 'yan Katolika ne suka fi shan ukuba, domin an haɗa musu da yankan mazaɓu na son zuciya, irin na birnin Derry inda suka fi yawa amma majalisa tana hannun 'yan a-zauna, sannan an haɗa musu da wariya wajen rabon gidajen hukuma. Wannan rabon gidaje ne ma ya kunna wutar: a watan Yuni na 1968, a ƙauyen Caledon, aka ba wata budurwa 'yar Furotesta mai shekara 19 gida alhali iyalan Katolika masu 'ya'ya suna jira, ɗan majalisa Austin Currie ya shiga gidan ya zauna don nuna ƙin amincewa. Shekara guda bayan haka aka fara zubar da jinin da ya ci mutum sama da 3,500 kafin ya lafa.

To, ga inda labarin kansila ya ɗauki wani salo. Saboda kansiloli ne suka yi ɓarnar, sai aka yanke musu fuka-fukai. A 1971 aka ƙwace rabon gidaje aka ba wata hukuma ta daban. Ilimi, lafiya, hanyoyi, tsara gari, duk aka ɗauke. Da aka yi zaɓen sababbin majalisu 26 a 1973, abin da ya rage a hannun kansila bai wuce kwashe shara, wuraren wasanni da kula da maƙabartu ba. Wato daidai lokacin da Smyth ya shigo, kujerar ta zama fanko. Babu kwangilar rabawa, babu gidan bayarwa, babu aikin ɗauka.

Yaya mutum zai riƙe kujera irin wannan shekara 40? Ni a ganina amsar tana cikin abin da Bahaushe ke cewa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A waɗancan shekarun ana rushe tsofaffin layukan Shankill da sunan gyaran gari, ana kwashe mutane ana kai su rukunin gidaje na bayan gari, ana yanka babbar hanyar mota ta gefen unguwar, masana'antu suna rufewa ɗaya bayan ɗaya. Unguwa ta zube. Gwamnatin yankin kuma an rushe ta a Maris na 1972, mulki ya koma hannun ministocin da Landan ke turowa, waɗanda ba wanda ya zaɓe su a nan. Tsohuwar da rufinta ke zuba, ko magidancin da aka sa sunansa a ƙarshen jerin masu jiran gida, wa zai je wa? Ba zai ga minista ba. Kansila ne kaɗai zaɓaɓɓen da yake iya tarewa a bakin shago. Ikon sa hannu ba ya wurinsa, amma ya san ofishin da za a buga wa, ya san jami'in da za a matsa wa, ya san yadda ake rubuta wasiƙar da ba za a jefa a kwandon shara ba. Da wannan aikin Smyth ya yi suna, har mutanensa suke kiransa da sunan gida, ƙaramin Hughie.

Tsarin zaɓensu ma ya taimaka masa, kuma ya kamata mu fahimce shi. Mazaɓa ɗaya tana fitar da kansiloli biyar ko shida ko bakwai, mai zaɓe kuma yana jera 'yan takara ne, 1, 2, 3, har inda ya ga dama. Wanda ya ba babbar jam'iyya lamba ta 1 saboda tsoron Dublin, yana iya ba Hughie lamba ta 2 saboda ya gyara masa maganar gida. Da tsarin wanda-ya-fi-yawa-ya-kwashe-duka ne, da wuya ɗan ƙaramin ɓangare ya daɗe haka.

Kada kuma in zana muku shi kamar waliyyi. A 1973 ya ci kujerar majalisar yankin daga Belfast ta Yamma a matsayin ɗan a-zauna mai zaman kansa, kuma yana sahun waɗanda suka ƙi yarjejeniyar Sunningdale, wadda ta fara kawo rabon mulki tsakanin ɓangarorin biyu. Yajin aikin Mayu na 1974 ya kashe wannan gwamnatin cikin mako biyu. Sannan tun daga farko kowa ya san Smyth yana kusa da UVF, ƙungiyar 'yan bindigar Furotesta da ta samo asali daga Shankill ɗin a 1966. Wannan ƙungiya ta kashe mutum sama da 500, mafi yawansu fararen hula 'yan Katolika. Ita ta tayar da bam a mashayar McGurk a Disamba na 1971, mutum 15 suka mutu. Ita ta kai harin Dublin da Monaghan ranar 17 ga Mayu 1974, mutum 33 a yini ɗaya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa, don a nan gizo ke saƙar.

A 1979 Smyth da abokansa suka kafa jam'iyyar PUP, shi ne shugabanta na farko. Abin da suka zo da shi baƙo ne a siyasar 'yan a-zauna: suka ce muna nan daram kan zama da Birtaniya, amma mu jam'iyyar ma'aikata ce, kuma manyanmu sun ci amanarmu shekara 50. Suka yi adawa da jarrabawar da ake tace yara da ita suna da shekara 11, wadda ke tura 'ya'yan masu hali manyan makarantu ta bar 'ya'yan Shankill a baya. Tun a shekarun 1980, lokacin da furta haka yake kamar saɓo, suka rubuta cewa dole a raba nauyin mulki da 'yan Katolika. Wato mutumin da ya ƙi Sunningdale ya zo ya yarda da ainihin abin da ke cikinta. Wasu za su ce ya yi amai ya lashe. Ni ina ganin ya ƙirga gawarwakin unguwarsa ne ya sake lissafi.

Don ku san hanyar da ya ƙi bi tana nan a buɗe, ga George Seawright. Shi ma kansila ne daga wannan yanki na birnin. A 1984, a wani taron hukumar ilimi, ya yi maganar a ƙona 'yan Katolika, abin ya yi muni har jam'iyyarsa DUP ta kore shi. Kun san me ya biyo baya? A zaɓen 1985 mutanen mazaɓar suka sake zaɓensa. Zafin baki yana kawo ƙuri'a a wurin, kuma cikin sauri. An harbe Seawright a ƙarshen 1987, ya mutu. Smyth yana neman ƙuri'a a tituna ɗaya da shi, daga bakin mutane ɗaya, bai ɗauki wannan harshen ba, kuma bai rasa kujerarsa ba.

Shekarar da ta fi kowace nauyi a rayuwarsa ita ce 1994. A watan Oktoba na 1993 IRA ta tayar da bam a wani shagon kifi a kan titin Shankill, mutum tara suka mutu tare da wanda ya kawo bam ɗin. A watan Yuni na 1994 'yan UVF suka shiga wata mashaya a Loughinisland suka harbe mutum shida suna kallon wasan cin kofin duniya. A cikin wannan yanayi kansilolin Belfast suka zaɓi Smyth Magajin Gari, muƙamin shekara ɗaya, kuma shi kaɗai ne ɗan jam'iyyarsa a majalisar mai kujera 51. IRA ta tsagaita wuta ranar 31 ga Agusta. Ranar 13 ga Oktoba ƙungiyoyin 'yan bindigar Furotesta suka bi sahu, Gusty Spence, tsohon jagoran UVF wanda ya yi zaman kurkuku kan kisan kai, shi ya karanta sanarwar, har ya bayyana nadama ga iyalan waɗanda aka kashe ba su ji ba ba su gani ba. 'Yan PUP ne suka yi ta safa da marwa tsakanin masu bindiga da gwamnatoci kafin a kai ga wannan rana. Wanda bai taɓa zama da mai bindiga yana lallashinsa ya ajiye ba, bai san girman aikin ba.

Daga nan sai tauraruwarsu ta haska. A 1996 Smyth da David Ervine suka samu kujeru a dandalin tattaunawar sulhu. A 1997 Ervine da Billy Hutchinson suka same shi a majalisar Belfast, shekarar da 'yan a-zauna suka rasa rinjaye a birnin, Alban Maginness ya zama Magajin Gari na farko daga ɗaya ɓangaren. Da aka shigar da Sinn Féin tattaunawar, DUP ta Ian Paisley ta fice tana cewa an sayar da ƙasa. PUP ta zauna. Ranar 10 ga Afrilu 1998 aka cim ma yarjejeniyar Belfast, a watan Mayu kashi 71 cikin ɗari na masu zaɓen yankin suka amince da ita. Ba don 'yan PUP sun tsaya ba, da shugaban UUP David Trimble ya sha wuyar sa hannu, domin su ne shaidar cewa unguwannin da suka fi zubar da jini sun yarda.

To, sai sakamako. Zaɓen majalisar yankin na 1998, PUP kujera biyu cikin 108. A 2003 ta koma ɗaya, DUP kuma, wadda ta yi ta tsine wa yarjejeniyar, ta zama babbar jam'iyyar 'yan a-zauna. Ranar 8 ga Mayu 2007 Ian Paisley ya hau kujerar shugaban gwamnati, Martin McGuinness na Sinn Féin yana gefensa a matsayin mataimaki. Abin da ya kira cin amana a 1998 shi ya zauna a kai bayan shekara tara, suna dariya tare a gaban 'yan jarida. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. In ka tambayi tsohon ɗan PUP, nan zai tsaya, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Ni dai ba zan tsaya nan ba. Tambayar da nake so mu yi ita ce: me ya sa matar da ta ba Hughie ƙuri'arta shekara da shekaru, in aka zo babban zaɓe sai ta ba DUP? Wauta ce? Haba. Ta san abin da take yi sarai. Ta san Hughie, ta san ƙofar gidansa. Amma ta san kuma su waye ke tsaye a bayan jam'iyyarsa, domin a layinsu suke. Bayan tsagaita wuta UVF ba ta watse ba. Ta ci gaba da karɓar kuɗin kariya daga 'yan kasuwa, tana dukan samari da harbinsu a ƙafa da sunan ladabtarwa. A watan Agusta na 2000 rikici ya ɓarke tsakaninta da kishiyarta UDA a cikin Shankill ɗin, Furotesta yana kashe Furotesta, mutum bakwai suka mutu kafin ƙarshen shekara, ɗaruruwan iyalai suka bar gidajensu. Waɗannan iyalan su ne masu zaɓen Smyth. Jam'iyyar da ta ce ta zo ne don kare talakan unguwa, abokan tafiyarta ne suke kora shi daga ɗakinsa da tsakar dare.

Hujjar da 'yan PUP suke bayarwa ita ce, in muka yanke alaƙa da su, wa zai riƙe musu linzami? A 1994 wannan hujja tana da ƙarfi, ban musa ba. Amma hujjar da ta yi aiki a shekarar sulhu ba za ta yi aiki shekara 15 ba. Sai a 2009 UVF ta miƙa makamanta, shekara 11 bayan yarjejeniya. Ko shekara ba a cika ba, a ƙarshen Mayu na 2010, aka harbe wani mutum mai suna Bobby Moffett da rana tsaka a kan titin Shankill, mutane suna cefane, kuma hukumar da ke sa ido kan ƙungiyoyin ta ɗora alhakin a kan UVF. Dawn Purvis, wadda ta gaji shugabancin jam'iyyar bayan rasuwar Ervine a 2007, kuma ita kaɗai ce wakiliyarsu a majalisar yankin, ta ajiye muƙami ta bar jam'iyyar. Sauran suka zaɓi su ci gaba da alaƙar. Tun daga lokacin PUP ba ta sake samun kujera a majalisar yankin ba. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

A nan nake ganin iyakar Smyth, duk da girmamawar da nake yi wa aikinsa. Ya iya riƙe amanar mutum ɗaya ɗaya, gida gida, amma wannan amanar tasa ce, ba ta jam'iyya ba. Bai iya mayar da ita dukiyar da za a gada ba, saboda abin da zai mayar da ita haka shi ne ya fito fili ya ce wa masu bindigar unguwarsa mun raba gari, kuma wannan rabuwar ba ta taɓa faruwa ba, ko a zamaninsa ko bayan ya miƙa shugabanci a 2002. Wataƙila ba zai yiwu ba ga mutumin da ya tashi tare da su, ya je jana'izarsu, ya san iyayensu. Ban raina wahalar hakan ba. Amma mai zaɓe ba ya jefa ƙuri'a don tausayin wahalar ɗan siyasa.

Wani zai ce ai jam'iyyar ta farfaɗo daga baya. E, ta ɗan motsa. Ranar 3 ga Disamba 2012 majalisar Belfast ta yanke cewa tutar Birtaniya za ta riƙa tashi a saman ginin majalisar ne a wasu keɓaɓɓun ranaku kawai, unguwannin Furotesta suka ɗauki zafi, aka yi makonni ana zanga-zanga. PUP ta hau wannan guguwar, a zaɓen 2014 ta samu kansiloli uku a Belfast. Ku lura da abin da ya kawo ƙuri'un: tuta. Wato jam'iyyar da aka kafa don a daina ruɗin talaka da tuta, da tuta ta samu numfashinta na ƙarshe. Kuma a kasuwar tuta akwai waɗanda suka fi ta iya talla. A 2019 kujerun suka koma biyu. John Kyle, likitan da ke riƙe da ɗaya, ya bar jam'iyyar ya koma UUP.

Saura kujerar Smyth, wadda Billy Hutchinson ya gada a 2014. A zaɓen Mayu na 2023 Hutchinson ya faɗi. A mazaɓar da ta ƙunshi Shankill, DUP ta ɗauki uku, Sinn Féin biyu, ta shidan kuma ta tafi ga TUV, jam'iyyar da Jim Allister ya kafa a 2007 bayan ya fice daga DUP don ta yarda ta zauna gwamnati ɗaya da Sinn Féin.